Sarari a Cikin Adireshin Intanet: A Kore Shi Ko a Gyara Shi?

Sunan Gawon Nama kalma biyu ne, da sarari a tsakaninsu. A kan allon shago, ko a bayan ambulan ɗin wasiƙar da za ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke titin Garba Nadama, wannan sarari bai taɓa damun kowa ba. Amma a ce mai buga takardu a ɗaya daga shagunan kwamfuta na unguwar ya ajiye fayil da suna "Rahoton Gawon Nama.pdf", aka ɗora shi a intanet. Adireshin fayil ɗin zai fito da sarari biyu a cikinsa. In ka liƙa shi a burauza, zai buɗe lafiya lau. In ka tura wa wani ta WhatsApp, shuɗin layin zai tsaya a sarari na farko, wanda ya latsa kuma ya tarar da babu komai. In kuwa aka saka adireshin cikin bayanan da wata na'ura za ta miƙa wa wata, yana iya yiwuwa a mayar da bayanan gaba ɗaya, a ce ba su inganta ba.

A kan wannan na ƙarshe ne masu rubuta manhaja suka daɗe suna jayayya. Irin waɗannan bayanai, wato tsararrun bayanai, su ne waɗanda aka zuba gida-gida, kowane gida da abin da ake sa ran gani a cikinsa: nan sunan marubuci, nan kwanan wata, nan adireshi. Da siga irin ta XML ko JSON ake rubuta su. Mujallun ilimi da ke fita daga Sakkwato, irin su Sahel Medical Journal ta asibitin koyarwa da Sokoto Journal of Veterinary Sciences ta tsangayar likitancin dabbobi, ba a takarda kaɗai duniya ke sanin su ba. Bayanan kowace maƙala suna bi ta irin waɗannan gidaje kafin su isa rumbunan da masu bincike ke dubawa. A kan hanya akwai manhajar tantancewa, wadda aikinta duba ko abin da ke cikin kowane gida ya dace da ƙa'ida. To, in ta ga sarari a tsakiyar adireshi, ta ƙi karɓa ne, ko ta gyara ta wuce?

Abin da masu tsanantawa ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce, ƙa'idar a rubuce take tun farko. A Disamban 1994 Tim Berners-Lee da Larry Masinter da Mark McCahill suka fitar da takardar RFC 1738, wadda ta fayyace yadda adireshin intanet zai kasance. Ta sa sarari cikin alamomin da ba a amince da su ba, kuma ta faɗi dalili: in ana kwafar adireshi daga wuri zuwa wuri, ko ana buga shi a littafi, sarari mai muhimmanci yana iya ɓacewa, wanda ba shi da muhimmanci kuma ya kutso. Ban da haka, saƙon da burauza ke aika wa na'urar da ke riƙe da fayil da sarari yake raba sassansa uku: abin da ake so a yi, adireshin, da sigar ƙa'idar da ake magana da ita. In adireshin kansa yana da sarari, na'urar ba za ta san inda ya ƙare ba.

An kuma tanadi mafita. Duk alamar da ba a yarda ta fito tsirara ba, sai a sakaya ta: a rubuta alamar kaso, a bi ta da lambar alamar a ƙidayar goma sha shida. Lambar sarari 32 ce a ƙidayarmu ta yau da kullum, wato 20 a waccan ƙidayar, shi ya sa ake ganin %20. Gawon Nama sai ya zama Gawon%20Nama. RFC 3986 ta Janairun 2005, wadda Berners-Lee da Roy Fielding da Masinter suka rubuta, ita ce ake aiki da ita har yau, kuma ba ta sauya komai ba a wannan fanni. Saboda haka, in ji wannan ɓangare, adireshi mai sarari ba adireshi ba ne, kuma manhajar da aka ɗora wa amanar tantancewa ba ta da hurumin cewa ya inganta.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi. Mai gyara ba ya sanin gaibu, zato kawai yake yi. A ce adireshi ya zo da %20 a wuri ɗaya da sarari tsirara a wani wurin, domin wani ya sakaya rabi ya bar rabi. In manhajar ta ce za ta sakaya komai, ita kanta alamar kaso za ta koma %25, sai %20 ya zama %2520, adireshin ya mutu. In ta ce za ta ƙyale duk alamar kaso da ta gani, to me za ta yi da fayil ɗin da ainihin sunansa ke ɗauke da alamar? Ƙidayar goma sha shida tana amfani da haruffa daga a zuwa f, don haka ƙananan kalmominmu irin su da, ba, fa da ce duk lambobi ne ingantattu a wurin na'ura. Mai bugawa da ya manta sarari ya rubuta "10%da" ya rubuta sakayayyar alama ba tare da ya sani ba. Sannan ga alamar tarawa: a bayanan da ake cikewa a fom, + tana nufin sarari, amma a sashen sunan fayil tana nufin kanta. Wanda ya san abin da ake nufi shi ne wanda ya haɗa adireshin. Don haka a mayar masa ya gyara da hannunsa, kada garin neman gira a rasa ido.

Martanin masu sassauci

Su kuma suka ce, to ai intanet ɗin da muke amfani da shi ba a kan tsanani ya ginu ba. Jon Postel, a takardar RFC 761 ta 1980, ya shimfiɗa shawarar da ta zama tamkar ginshiƙi: manhaja ta kiyaye sosai a abin da take aikawa, ta yi haƙuri da abin da ake aiko mata. Da burauzocin farko suna rufe ido ga duk shafin da ke da kuskure, da mutane ƙalilan ne za su iya rubuta shafi.

Kuma wannan haƙuri a yau ba son rai ba ne, shi ma rubutacce ne. Ƙungiyar WHATWG, wadda ma'aikatan Apple da Mozilla da Opera suka kafa a 2004, tana da tata ƙa'idar adireshi, wadda manyan burauzoci ke bi. Ta bayyana mataki-mataki abin da za a yi: a share sararin da ke farko da ƙarshe, a cire alamar sabon layi a duk inda take, sararin da ke cikin sunan fayil kuma a mayar da shi %20. Tana lissafa sararin a matsayin kuskure, amma ba ta tsayar da aiki saboda shi. Hatta ƙa'idojin tsararrun bayanai sun karkata nan. XML Schema ta 2001 ta ce sarari halal ne a gidan adireshi, ko da yake ta ja kunne sosai a kansa. Siga ta 1.1 da ta fito a 2012 ta ƙara sakin linzami har kusan kowane rubutu yana shiga. JSON Schema, a sigarta ta 2019, ta mayar da alamar cewa gida kaza na adireshi ne ta zama bayani kawai, ba sharaɗin da dole a tsayar da bayanai a kansa ba, sai in mai aiki ya nemi hakan.

Sai maganar wanda abin ke faɗa wa. Ɗalibar aikin jinya da ta kwafo adireshi daga waya, allon rubutu ya ƙara mata sarari a ƙarshe ba ta gani ba. Ma'aikacin ɗakin karatu da ya shigar da bayanan maƙala ɗari, aka mayar masa duka saboda ɗaya. Mai shagon da ke ƙona man janareta yana karanta saƙon kuskure da Turanci mai wuya, wanda bai ma nuna masa inda sararin yake ba, tunda ba a ganin sa. Na'ura ta san matsalar, ta san maganinta, amma ta zaɓi ta wahalar da mutum. Sau da yawa ƙarshen abin shi ne a goge gidan adireshin gaba ɗaya don a samu a wuce, bayanan su tafi babu adireshi ko kaɗan. Wace riba tsananin ya kawo ke nan?

Akwai kuma tsofaffin kaya da ba mai iya sauya su. Wasu lambobin DOI, wato lambobin shaidar maƙala da ke shiga cikin adireshinta, na maƙalun likitanci na shekarun 1990 suna ɗauke da alamomin < da >, waɗanda RFC 3986 ba ta yarda da su tsirara ba. Daga baya ƙungiyar Crossref mai rajistar lambobin ta taƙaita alamomin da za a iya sa wa sababbin lambobi, amma tsofaffin suna nan, kuma ɗaliban likitanci suna ambatar su a ayyukansu. Manhajar da ba ta san sassauci ba za ta riƙa korar adireshin maƙalar da ke nan daram.

Hujjar da ta fi taɓa mu kuwa ita ce ta baƙaƙe masu ƙugiya. RFC 3986 haruffan Turanci kawai ta sani. A wurinta ƙ da ɗ da ɓ matsayinsu ɗaya da sarari: ba sa shiga sai an sakaya su. Ƙaramar ƙ tana zama %C6%99, ɗ tana zama %C9%97, ɓ tana zama %C9%93. Kalmar ɗalibi sai ta koma %C9%97alibi, ƙasa ta koma %C6%99asa. Babu Bahaushen da zai iya karanta wa ɗan'uwansa irin wannan ta waya, balle ya haddace. Abin da ke biyo baya sananne ne: wanda aka mayar wa bayanai sau ɗaya ko biyu saboda ƙugiya, gobe sai ya rubuta kasa a maimakon ƙasa, dalibi a maimakon ɗalibi, ya huta. Masu sassauci suna ganin duk ƙa'idar da ke koya wa mutane gurgunta rubutun harshensu don su faranta wa na'ura, ita ce ke buƙatar gyara, ba mutanen ba. Wannan magana ba ƙarama ba ce, domin mun riga mun yi asarar ƙugiyoyin nan a saƙonnin waya da takardun ofis tsawon shekaru, ba ma buƙatar wata sabuwar ƙofa ta asara.

Masu tsanantawa sun dawo

A kan baƙaƙe masu ƙugiya, sun ce an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. A watan da aka fitar da RFC 3986 aka fitar da RFC 3987, ta Martin Dürst da Michel Suignard, wadda ta buɗe ƙofa ga haruffan harsunan duniya. A ƙarƙashinta ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suna shiga adireshi da kamanninsu, haka ma rubutun Ajami. Amma ita ma tsarin da ta gindaya bai ba sarari wuri ba. Ke nan ana iya samun manhajar da ke karɓar Hausa cikakkiya, ta kuma ƙi sarari. Wanda manhajarsa ke korar ƙ, ƙa'idar da ba ta dace ba ya zaɓa. Laifin ba na tsanani ba ne.

Daga nan sai su kawo maganar tsaro, inda ƙarfinsu yake. A taron Black Hat na 2017 a Amurka, wani mai binciken tsaro ɗan Taiwan da aka fi sani da Orange Tsai ya nuna adireshi guda, mai ɗauke da sarari da alamomin @ da #, wanda manhajoji uku na harshen Python suka karanta, kowacce ta nufi wata na'ura daban. Hatsarin a fili yake: mai tantancewa ya duba ya ga adireshin na gida ne, ya ba da hanya, mai ɗaukowa kuma ya nufi inda ɓarawo ke so. A farkon 2022 kamfanonin Claroty da Snyk sun gwada manhajojin karanta adireshi 16, suka gano kafofi 8 da za a iya cutarwa ta cikinsu, duk saboda saɓanin karatu. A 2023 aka bayyana wata kafar a Python ɗin dai, mai lamba CVE-2023-24329: sarari a farkon adireshi ya isa a tsallake jerin wuraren da aka haramta. A Yunin 2023 ɗin Hukumar Tsarin Intanet ta fitar da RFC 9413, inda Martin Thomson da David Schinazi suka yi bayanin yadda haƙurin da Postel ya ba da shawara ke iya komawa cuta: kuskuren da aka daɗe ana haƙuri da shi yakan zama doka, har kowace sabuwar manhaja ta zama dole ta kwaikwaye shi.

Sun ƙara da cewa a tsararrun bayanai adireshi ba hanya ba ce kawai, suna ne. Na'urori suna gwada shi harafi da harafi don sanin ko bayanai biyu a kan abu ɗaya suke magana. Gawon Nama da Gawon%20Nama da Gawon+Nama da Gawon_Nama wuri ɗaya ne a wurin ɗan Sakkwato, amma abu huɗu ne a wurin na'ura. Shi ya sa FHIR, ƙa'idar musayar bayanan lafiya ta ƙungiyar HL7, ta hana kowane irin sarari a gidan adireshi. In adireshin nan ne ke nuna wane tsarin lamba aka bi wajen rubuta sunan magani ko sakamakon gwaji, babu mai son a yi masa zato.

Amsar masu sassauci a nan gajera ce. Duk misalan tsaron da aka kawo, in ji su, saɓani ne ya haife su, ba sassauci ba. Da kowa yana bin matakai ɗaya wajen gyara, da babu kafar da za a bi. Kuma masu tsananin ma suna kuskure: manhajoji da yawa na tantancewa ɗan gajeren tsari ne da wani ya rubuta da hannu, wanda ke korar alamar da ke gaban 'yan da 'ya'ya, alhali RFC 3986 ta yarda da ita. Masu tsanantawa suka ce, to wane matakai ɗaya? Ƙa'idar WHATWG ba ta da siga tsayayya, ana sabunta ta kullum, kuma Daniel Stenberg, mai manhajar curl da ke cikin na'urori bila adadin, ya daɗe yana kokawa cewa babu ƙa'idar adireshi guda da kowa ya yarda da ita.

In aka tace hujjojin

Abu na farko da na lura da shi shi ne, filin rigimar bai kai yadda ake zato ba. Sarari a cikin sunan na'ura, wato sashen da ke ƙarewa da .ng ko .org, ɓangarorin biyu duk suna ƙin sa. Sararin farko da na ƙarshe kuma, in mutum ne ya buga ko ya liƙa, ban ga wata hujja mai ƙarfi ta ƙin share shi ba, muddin an share kafin a yi kowane bincike na tsaro, kuma sharerren ne za a ajiye. Maganar ƙugiya ma, a ganina, masu sassauci sun yi gaskiya a kan cutar, masu tsanantawa sun yi gaskiya a kan maganin: duk mai rubuta manhajar da Hausawa za su yi aiki da ita, wajibi ne ya zaɓi ƙa'idar da ke karɓar haruffanmu, sakayawar kuma na'ura ta yi ta a ɓoye lokacin aikawa.

Saura sararin tsakiya, kuma a nan akwai abin da ya raunana masu sassauci a idona. Ba su da gyara ɗaya. Ita kanta RFC 3986, a ratayenta, ta shawarci manhajar da ke karɓar abin da mutum ya buga da ta cire sararin da ya shiga tsakiya, domin tana zaton karyewar layi ce ta kawo shi. Burauza kuwa tana mayar da shi %20, domin tana zaton yana cikin sunan fayil. XML Schema tana tattara sarari biyu a jere su zama ɗaya tun kafin a duba komai. Kowanne yana da lokacin da yake daidai. Adireshin da aka kwafo daga jerin manazarta na wata maƙala a PDF, sararinsa baƙo ne, cire shi ya kamata. Na "Rahoton Gawon Nama.pdf" ɗan gida ne, in aka cire shi fayil ya ɓata. Wani lokacin ma adireshi biyu ne aka liƙa a gida ɗaya. In aka yi gyaran da bai dace ba, abin da ke fitowa adireshi ne mai kyakkyawar siffa wanda zai wuce kowace tantancewa, amma ba ya kai kowa ko'ina, kuma ba mai sani sai ranar da wani ya nema.

Saboda haka inda mutum ke zaune gaban allo, na fi karkata ga a nuna masa wurin sararin ƙarara, a ba shi gyararren adireshi ya gani, ya amince ko ya sauya. Tsakanin na'ura da na'ura kuma a ƙi karɓa, a faɗi gida da layin da matsalar take, ba a watsar da bayanan duka ba. Mafi sauƙin duka shi ne kada sararin ya shiga tun farko. Wikipedia, har da ta Hausa, layin ƙasa take sawa a madadinsa, WordPress kuma karan ɗori. Mai shagon da ya saba sa wa fayil suna rahoton-gawon-nama ya kashe maganar tun ba ta taso ba.

Inda ban iya yanke hukunci ba shi ne tsofaffin bayanai, waɗanda suka taru shekara da shekaru, waɗanda suka shigar da su sun yi ritaya ko sun sauya aiki, babu wanda za a mayar wa. In aka tsananta, sun fita daga rumbu. In aka gyara da zato, wasu za su rayu, wasu su zama matattun adireshi masu kamar rai. Ana iya gwada kowane gyara a ga ko yana buɗewa, a ajiye na asali a gefe, amma wannan aiki ne mai cin lokaci da kuɗin data, kuma na'urar da ta amsa yau ba lalle fayil ɗin da ake nufi ta miƙo ba. In bayanan na maƙalar mujalla ne, zan iya yarda da zaton, domin mafi munin abin da zai faru shi ne mai karatu ya sake nema ta wata hanya. In na majinyaci ne, ba zan yarda ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai takardun makaranta, da na filaye, da na biyan kuɗi, kuma kowane ofishi sai ya zauna ya auna wanne ya fi masa tsada: bayanin da aka ƙi karɓa, ko wanda aka karɓa da kuskure a ciki.